Tomeji, Wa Zai Naɗe Madubin Bana?

Ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamba, ƙanin mijina Kumagai Tomeji ya rasu a asibitin gari bayan gajeriyar jinya. Shi ne maharbi na ƙarshe da ya rage mana a wannan kwari na tsibirin Hokkaido. Ni Mitsue, matar wanka, ni ce ke rubuta maka wannan, don haka kada ka sa rai da yabo zalla.

Tomeji, ban taɓa ganin namijin da ya wahalar da mutane a kan tsumma kamarka ba. Kullum kukanka ɗaya: madubin saitin bindigarka baƙi ne, yana ƙyalli, barewa na hango shi tun daga tudu ta cika wandonta da iska. Ka fara naɗe shi da baƙin salatif na masu gyaran wuta, ƙyallin ya ƙaru. 'Yarka Chizuru ta aiko maka da wani salatif mai zanen ganyaye daga birni, ka yi ta yawo da shi gida-gida kamar ango. Da sanyi ya kama, gam ɗin ya daskare, salatif ya ɓanɓare yana ƙaraf-ƙaraf a iska. Ranar ko zomo ba ka gani ba.

Washegari na kama ka a gindin igiyar shanyata.

Na ce, "Kai ɓarawo, ajiye min nafkin jikana!"

Ka ce, "Yaya, wannan ba ya ƙyalli, ba ya ƙara. Wari kuwa barewa ta yi haƙuri."

Tun daga nan aikin ya dawo kaina. Da kaka in rina maka ƙyalle da ɓawon albasa ya yi kalar busasshen ganye, in dusar ƙanƙara ta sauka in yaga maka fari. Ba ka taɓa cewa na gode ba, sai dai in buɗe ƙofa in tarar da cinyar barewa a rataye. Haka ka yi wa kowace tsohuwar da ba ta da mai kawo mata nama. Albarkacinka bareyi ba su cinye mana gonaki ba, muka girbe wake da kabeji shekara da shekaru.

Farkon watan nan ka zo karɓar farin. Na ce, "Gaggawar me kake yi, tsoho? Ƙanƙarar ma ba ta sauka ba." Ka yi tari, ka yi dariya, ka tafi ba tare da shi ba. Ta sauka ranar da aka kai ka makwanci.

'Yan sanda sun zo sun karɓi bindigar, don ba mai lasisin gadonta. Samari duk sun koma birni, makarantar ƙauye ma an rufe. Jiya da safe bareyi suka cika gonata suna cin ragowar kabeji. Na buga musu tukunya, suka ɗago suka dube ni, suka ci gaba. Ban ga abin da zan shuka baɗi ba, ban kuma ga mai shukawa ba.

Mai rahama ya ji ƙanka, ya yafe maka, har da satar nafki. Ina yi wa matarka Fumie da Chizuru ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri, mu ma ya dube mu. Farin ƙyallen na cusa maka shi a hannu kafin a rufe akwatin gawa, Tomeji. Wannan karon ma ba ka ce na gode ba.