Kududdufin Bayan Gidanmu

Da ɗiyata ta ce tsara gari take karantawa a jami'a, na ce, "Garin da aka riga aka gina, me kuma za a tsara?" Dariya kawai ta yi.

Gab da damina maigidana Malam ya fara cike kududdufin bayan gidanmu a Kusada, zai gina wa yayanta ɗakin aure. Ta ce, "Baba, ruwan unguwa ina zai koma?"

Ya ce, "Can dai."

Ni kuwa tambayar ta hana ni sakat. Ranar da aka kece da ruwa na yafa buhu, muka bi ruwan ni da ita. Ashe duk lungunanmu cikin kududdufin suke juyewa, in kuma babu ramin, ɗakina ne a gangare.

Na dawo jiƙe sharkaf na ce, "Malam, ango ya nemi wani fili."