Rudun Wancan

Gangara

Na bar gida kafin kiran asuba, don kada in haɗu da wani a bakin masallaci ya sake tambayata yaushe Inna za ta dawo. Tun kaka ta tafi Gidan Rumji sunan jikarta, ɗiyar ƙanena Rabe, a kan kwana bakwai za ta yi. Ga shi bazara ta raba, hadari ya fara leƙowa ta gabas, ɗakin siminti da na gina mata kuwa yana nan a kulle. A majalisa har an fara cewa ƙanena ya ƙwace mini uwa. Ina dariya tare da su, in na koma gida in kasa cin tuwo.

Ni ne ɗan farinta. Duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi: tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. Lawali yana bakin kowa ban da nata. In tana nemana sai ta ce, "Ku kira wancan." In na kawo mata goro sai ta ce a ajiye. Rabe kuwa auta ne, sunansa ba ya sauka daga bakinta, Rabe ya yi, Rabe ya ce. Yanzu kuma ga shi ya koyi walda, ya yi suna da wani irin gini da ban taɓa yarda na je na gani ba. Ina da furfura a gemu, amma in gaya muku gaskiya, har yau abin yana ci mini rai.

Zuwaira matata ta raka ni zaure da gorar ruwa. Ta ce, "In ka ga abin ya yi kyau, ka ce ya yi kyau. Ba ya rage ka da komi."

Na ce mata ni uwata na tafi ɗaukowa, ba kallon rumfa ba. Na hau bayan ɗan kabu-kabu muka kama hanyar Gazawa, yashi yana jan ƙafar babur hagu da dama.

Gazawa

A tasha na yi sallar asuba. Gari na wayewa, abin da na ce ba zan kalla ba shi ne farkon abin da idona ya faɗa a kai. Ginshiƙan ƙarfe ne dogaye, an kafa su a ƙasa da siminti, an ɗora rufin kwano can sama. Babu bango sai zana da aka kewaye gefe biyu da ita. A tsakanin ƙasa da rufin an shimfiɗa katako ya zama bene, ga tsani a jingine. Wani mai sayen aya ne ya sa aka yi masa. A ƙasa mata suna tsince aya, amalanken jakuna suna shiga har ciki, a sama kuwa an baza wadda aka wanke tana shan iska, inda akuya ba ta isa ba.

Direban motar Maradi ya ga na tsaya ina kallo. Ya ce, "Alhaji, ko kai ma rudun wancan kake so a yi maka?"

Rudu dai kowa ya san shi, dandamalin itace ne a kan ƙafafu, a hau a kwana ko a ɗora hatsi. Na ce, "Wancan wa?"

"Oho. Hakanan muka ji ana hwaɗi. Wani mai walda na Gidan Rumji ke yin shi, Rabe." Ya ƙara dubana. "Kai, ai kuna kama! Kai ne wan Rabe?"

Na ce, "Shi ne ƙanen Lawali."

Bai gane ba, ya ba ni kujerar gaba saboda Rabe. Na zauna ina ce wa kaina gini ne da ko suna mai ma'ana bai samu ba.

Agiye

Tafiyar ba nisa, hantsi bai yi ba muka shiga Agiye, direba ya tsaya neman fasinja. Ya ja ni wurin wata mai abinci, Uwale, ya kuma sanar da ita ko ni wane ne tun kafin in zauna. Na ɗaga kai, sai ga ginshiƙan nan da katakon nan. Nata ƙarami ne. Tukwane da bencina a ƙasa, a sama ta shanya zogale da kuɓewa da tattasai a kan tabarmi. Ta ce da rana in ciniki ya lafa can take hawa ta miƙe ƙafa, ba mai ganinta balle ya ce ta zubo masa miya.

"Da can kaji ke cinye mini rabin shanya," in ji ta. "Allah shi yi ma ƙanenka albarka. Uwar da ta haihe shi ta huta."

Uwar da ta haife shi, kun ji. Kamar ni daga kogon gawo na faɗo. Ta zuba mini shinkafa da wake, ta ƙara tsoka biyu don Rabe. Na so in ce ban ji daɗin naman ba, amma ƙarya ba kyau, na ji.

Cadawa

A shingen jandarma aka sauke mu aka duba katin kowa, aka sallame mu ba wata magana. Na gode Allah da na samu mutum ɗaya a hanyar nan da bai san Rabe ba.

Murnata ba ta daɗe ba. Wani mushe, kamar yadda muke kiran malamin lakol, wato makarantar boko, da ya shiga a Agiye, ya taɓo kafaɗata daga baya ya nuna mini wani gini ta taga. Ya ce ajinsu ne. Da rumfar kara suke yi duk shekara, ruwan farko ya rushe ta a kori yara gida. Yanzu yara a ƙasa, littattafai a sama inda gara ba ta kaiwa, shi ma can yake ajiye katifarsa.

Na ce, "Iskar farkon damina za ta yi sama da shi."

Ya ce, "Damina biyu ta wuce a kanshi."

Na ce katakon zai ruɓe. Ya ce an shafe shi da baƙin mai. Na ce yaro zai faɗo daga tsani. Ya ce janye tsanin yake yi ya kwantar. Daga nan na rufe ido na yi kamar barci ya ɗauke ni, har Maradi.

Maradi da Tibiri

Azahar a Maradi ta same ni, rana kamar za ta narka kwalta. Na sayi goro fari, irin wanda Inna ke so, da turmin atamfa, don kada in shiga gidan ƙanena hannu biyu. Motar Gidan Rumji ta daɗe ba ta cika ba. Da muka wuce Tibiri na hango wani kuma a gefen gulbi, an jera albasa a samansa, na juya na kalli ɗaya tagar. Kilomita hamsin ne ko kusa da haka, amma na yi su ina shirya maganar da zan gaya wa Rabe, mai zafi, wadda babban wa ke gaya wa ƙanen da ya manta matsayinsa.

Gidan Rumji

Bayan la'asar na isa. Rabe ya fito daga shagonsa da gudu, baƙin tabarau a goshi, ya durƙusa har ƙasa yana "Yaya, sannu da hanya", sai maganar da na shirya ta rasa ta inda za ta fito.

Na gidansa ya fi duk waɗanda na gani. Gefe ɗaya raguna ne na kiwo, ɗaya gefen an ja bangon bulo an fitar da ɗaki a ƙarƙashin benen. Ina sa ƙafa a ɗakin na ji sanyi kamar na shiga gindin tsamiya, domin harawar da aka tara a sama ta tare zafin kwanon duka. Inna tana zaune a tabarma, ta yi ƙiba, ta yi haske. Na ji daɗi, na kuma ji haushi.

Tana ganina ta kau da kai wajen bango. "An zo lahiya? An baro mutan gida lahiya?"

Na ajiye goro da atamfa, na ce na zo ne mu koma. Ta ɗaga murya ta ce wa Barira matar Rabe, "Ba a ba baƙo ruwa ba." Iyakar amsar da na samu ke nan.

Rabe ya ce in zo in ga sama. Na hau ne don in samo aibu. Damman harawa jere har rufi, ga ƙaiƙayin gyaɗa a buhuna, ga iska tana ratsawa. Sai ya sunkuya ya ɗaga wani murfin katako a tsakiyar daɓen. Rami ne, daidai saitin komin raguna. Ya tura harawa da ƙafa ta faɗa, ragunan suka yo kanta.

Na tsura wa ramin ido. Ina saurayi, kafin in yi aure, na kafa rudu a kan turken awakin Baba a Gangara, na tara harawa a kai, ina kwana a can. Na huda tsakiyarsa don in riƙa tura musu abinci da sanyin safiya ba sai na sauko ba. Baba ya ce tsabar lalaci ne. Rabe a lokacin bai fi tsawon akuya ba, kullum yana gindin tsani yana roƙo, ni kuwa ban taɓa barinsa ya hau ba.

Rabe ya ce, "Ka gane shi ko?"

Na ce na gane.

"Ran da na gama na hwarko, Inna na nan ta zo ganin gida. Ta ɗaga kai ta duba, ta duba ramin ga, ta ce, 'Wanga ai rudun wancan ne.' Masu taya ni aiki suka ji, suka ɗauka sunanshi ke nan. Shi ke nan ya bi gari." Ya mayar da murfin da ɗan ƙarfi. "Yaya, gini nawa na yi? Ko sau guda ba ta ce na Rabe ne ba. Kowa ya zaka kallo sai ta ce wancan ya hwara, ni kwaikwayo na yi. Ni ke shan hayaƙin walda, kai ke da suna."

Na dube shi, na ga fuskar da nake gani a madubi tun kaka. Ban ba shi haƙuri ba. Daɗi ne ya rufe ni, har na kama ginshiƙi.

Da safe ina ɗaure jakata, Inna ta kira Rabe, ni ina tsaye a bakin ƙofa, taku biyu tsakanina da ita. Ta ce, "Ka hwaɗa ma wancan, ɗakin da ya yi mini tanda ne. Awaki ma ya yi musu inuwa. In ya tuna yadda ya yi, in koma kahin shibka."

Rabe ya juyo zai maimaita mini. Na ce na ji.

Komawa

Rabe ya ce zai ba ni ginshiƙai, na ce ba na so. Ya sa aka ɗaure su a saman mota duk da haka, ni kuma ban sa an kwance ba. A Agiye na sake cin shinkafar Uwale. Na so in gaya mata ko wane ne wancan, na buɗe baki sai kunya ta kama ni, na ce ta ƙaro yaji. Daga Gazawa amalanke ya kwaso ƙarafan, muka shiga Gangara ana kiran magariba, a gaban majalisa kuwa, kowa ya gani.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa direban Gazawa da kujerar gaba, da Uwale, da mushen da na yi wa barcin ƙarya, da Barira da ta yanka mini zabo. Rabe ma, to, na gode.

Da hannuna na haƙa ramukan. Na cire kwanon rufin ɗakin Inna na ɗaga shi sama, na shimfiɗa katako, na tara harawa. Ranar da aka kawo Inna, ana saura kaɗan ruwan shuka ya sauka, ta tsaya a tsakar gida ta daɗe tana kallon sama. Sannan ta juya wajen Zuwaira.

"Na Rabe ya hi kyau," in ji ta. "A shigo mini da kayana."

Ni na ɗauki kayan na shigar. Har yau in na fito da safe sai na zagaya ginin nan, ina neman ta inda nasa ya fi.