Takin da na kawo wa Baba

Ni na kawo takin, gara in faɗa tun da wuri. Shekarar da na samu aikin koyarwa a Kano na ce sai na yi wa Baba abin a zo a gani, sai na ɗauko hayar tifa ta kwaso sharar birni har gonarmu ta bayan gari, kusa da Ɗanbatta. A wajenmu ba sabon abu ba ne. Gonaki a matse suke, ba a barin ƙasa ta huta, takin gida kuma ba ya isa. Wanda na samo baƙi ne ƙirin, ƙonanne, daga wani juji inda masu gyaran fitilun caji ke zubar da matattun batura. Na ga gutsattsarinsu da idona, na sa ƙafa na ture. Shekara uku a jere ina wannan bajinta.

Gonar kuwa ta amsa. Gyada ta yi ganye shar, har masu wucewa na tsayawa kallo. Baba yana da shanun huɗa biyu, ja da fari, jan ne ɗan gaban goshinsa. Al'adarsa ce ya ware harawar gonar nan, wadda ta fi kyau, ya ɗora kan rumfa, ba mai ci sai jan sa, farin kuma ya ji da ta sauran gonaki. Da rani a gonar yake turke jan, shi kuwa ya yi ta lasar tokar saboda ɗan gishirin da ke cikinta. Baba na dariya, wai ya huta da neman kanwa.

A damina ta huɗu jan san ya fara ɗingishi. Yana ci yana ramewa, yana shan ruwa kamar randa mai yoyo, fitsari ba ƙaƙƙautawa. An jiƙa sassaƙe an ɗura masa, an yi allurar da ake samu ranar kasuwa, shiru. Inna ta ce bakin mutane ne, ta yi masa hayaƙi. Ni da bokona har da yi mata tsaki, ina cewa ta daina camfi. Yanzu idan na tuna tsakin nan sai in ji kamar in mari kaina.

Wata safiya ya yunƙura zai tashi, ƙafar baya ta karye. Bai faɗa rami ba, ba wanda ya doke shi. Maɗorin garinmu ya zo ya lalluba, ya ce shi bai taɓa jin ƙashin sa yana lotsawa a ƙarƙashin yatsa ba. Ya ɗaure dai don kada a ce bai yi ba, ɗorin bai kama ba.

Na ɗauko likitan dabbobi daga Kano. Bai daɗe a kan san ba ya ce a kai shi inda yake kiwo. Ya tona ƙasar da tsinke, ya fito da ruɓaɓɓen batir, ya ɗebi ƙasa da jinin san ya tafi. Bayan mako biyu ya kira ni. Ya ce wata guba ce da ke cikin irin waɗannan batura, kadmiyam sunanta. Shuka na zuƙarta daga ƙasa, dabba ta ci, ta taru a ƙoda a hankali har ƙodar ta lalace, sai abin da ke ƙarfafa ƙashi ya riƙa zurarewa ta fitsari. Na ce ya faɗi sunan maganin kawai, ko a Legas yake zan je.

"Malam, babu," in ji shi. "Abin da ya shiga ya shiga."

Wallahi na ji haushinsa kamar shi ya zuba. Na yi ta kiran duk wanda na sani a jami'a, amsar ɗaya ce.

Kwana tara san ya ƙara yi a kwance, Baba na juya shi da taimakon maƙwabta, yana kore masa ƙuda da hularsa. Ranar goma aka yanka. Mahaucin ya karya haƙarƙari da hannu kamar busasshen kara, ya ɗago ya dube mu. Likita ya ce a binne hanta da ƙoda, Baba ya sa aka binne san duka.

A bakin ramin na faɗa masa gaskiya, cewa na ga baturan tun ranar farko. So nake ya zage ni, ko na samu sauƙi. Ya daɗe yana kallon farin sa, wanda ke tsaye a turkensa ɓul-ɓul, lafiya ƙalau.

"Kai taki ka kawo," ya ce. "Ni na riƙa zaɓar masa da hannuna."

Gonar na nan, ciyawarta ta fi ta kowa kore, mun kewaye ta da ƙaya. Baba kuma tun daga ranar ban sake ganin ya ware harawa ba.