Agogon Malam Yohanna bai tsaya ba

Jama'a, Malam Yohanna na da rai.

Da safen nan 'yarsa Rifkatu ta kira ni tana kuka tana dariya. Na ce ta maimaita, ta maimaita.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne malaminmu na firamare a Wuro Hausa. Ƙararrawar makarantar tsohon ƙarfen ƙafar mota ce, kuma ba ya barin kowa ya buga sai shi. Ya kan ce kalmar agogo daga Yarbawa muka aro, a wurinsu ƙararrawa ce. Ta Turawa ma, wai asalinta ƙararrawa. Larabawa kuwa sa'a suke ce wa abin da lokacin duka. "To kai Buba, ka ji da kunne, ka gani da ido, me ya sa kullum kake latti?"

Da na kasa karatu, shi ya kama hannuna ya kai ni wurin mai gyaran agogo a kasuwar Jimeta. Da sana'ar nake ci yau.

Lokacin da 'yan bindiga suka shiga garuruwan arewacin jihar nan, ya zo shagona zai tafi ɗauko ƙanwarsa. Ya cire agogonsa, irin na murɗawa, ya ce, "Yana ja da baya. Gyara min, kar ka bari ya tsaya kafin in dawo."

Bai dawo ba. Aka nema aka gaji, har coci suka yi masa addu'ar mamaci.

Ni dai na ƙi yarda. Kullum bayan asuba sai na murɗa shi. Matata ta ce na zare, na ce na ji.

Ashe kama shi aka yi. Ya kuɓuta da ciwo a kai, ya zauna wani ƙauye a Kamaru bai san ko sunansa ba, sai kwanan nan wani ɗan kasuwa ya gane shi.

Rifkatu tana can wurinsa da ta kira ni, sai ta ba shi wayar. Muryar ta tsufa, amma tasa ce. "Buba, ka gyara?"

Na kara agogon a bakin wayar, ya saurara.

Gobe motarsu za ta iso Jimeta, kuma wannan karon ba zan yi latti ba.

Allah Ya kawo shi lafiya, Ya cika masa hankalinsa. Ku taya mu addu'a, ku sa da waɗanda har yau suke jiran nasu.