Baba Tanki da Tsohuwar da Ba Ta Son Ruwa

Kafin masu shara su gama goge barandar ƙasa, Baba Tanki ya riga ya kai rufin asibiti, hawa na huɗu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan hawan, makullai na ƙara a ƙugunsa, sifana a aljihun baya. Ba ya shiga lif. Wai lif ta marasa lafiya ce, shi kuwa gwiwa ce kawai ke yi masa tsegumi. In ya kai sama, sai ya bi tankuna shida ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da bayan yatsa, ya kasa kunne. Daga amon kaɗai yake sanin wanne ya cika, wanne ya yi rabi, wanne ya fara yoyo. Daga nan ya gangara ɗakin injin tura ruwa, can ƙarƙashin gini, ya ɗora tafin hannu a jikin injin kamar mai duba zazzaɓi.

Wanda bai yi aikin asibiti ba ba zai san darajar wannan ba. Ruwa ya ɗauke na awa ɗaya a ɗakin haihuwa, ka ga yadda ido ke raina fata. Babbar ungozoma, wadda ba ta yabon kowa ko da wasa, ta ce a duk shekarunta sau uku ta taɓa murɗa famfo ya yi mata tari, kuma duk ukun ba ta gama faɗa ba ruwa ya dawo. Mai gadin ƙofar baya ya ce ya ga Baba ranar da 'yar Baban ta kammala karatu, ya baro taron da fararen kayansa ya shiga lambatu har gwiwa, don bututu ya toshe. Bai taɓa ba kowa wannan labarin ba, mai gadi ne ya fasa.

To amma abin da ya sa muke tsokanarsa yana bayan tanki na shida. Can inda rana ta fi duka, ya ɗora katako biyu a kan bulo, ya jera tukwane arba'in da ɗaya, dogaye masu zurfi. Kaktus ne a ciki, tsiron nan mai ƙaya, amma ba irin manyan da ake gani a hoto ba. Nasa in ka kalle su sai ka ce an soke tsinken tsintsiya a tsakuwa an manta. Wasu kuma a kwance suke, launin toka, kamar dutsen da ya tsage. Duk dukiyar tana ƙasa: kowanne yana da saiwa mai kauri kamar dankali, wani har ya kai rogo, a nan yake ajiye ruwansa. In sanyi ya shigo sai su yi barci, shi kuma ya hana su ruwa wata biyar cur, ko ɗigo.

"Haba Baba," in ji wani likita da ya hau shan iska, "kai da ke shayar da mutum ɗari biyar, ka hana ɗan tsiro kofi ɗaya? Wannan ai rowa ce."

"Likita, mutum ɗari biyar ɗin nan ba su da tanki a ƙafarsu," in ji Baba. "Waɗannan suna da shi. In na ƙara musu yanzu, ruɓewa za su yi."

A cikin tukwanen akwai wadda yake kira Tsohuwa. Wani matuƙin jirgin ruwa ne da ya yi jinyar wata uku a asibitin ya ba shi iri ƙwaya bakwai a cikin takardar magani, don Baba kan tsaya ya yi masa hira in ya zo gyaran famfo. Ɗaya ce ta rayu. Sauran tukwanen duk sun yi fure, wasu kowace shekara, amma Tsohuwa shekara goma sha huɗu ko alama. Baba bai ɓoye ba, ya sha faɗa mana cewa abu ɗaya yake roƙo kafin ya mayar da makullin rufi: ya ga furenta da idonsa.

Sai ga shi idon ne ya kawo cikas. Bara, tsakiyar sanyi, aka yi masa aikin yanar ido, duka biyun, aka ce ya zauna gida sati biyar. Aka samo wani ya riƙe injin. Makullin rufi kuwa ya bar wa shugabar masu wanki, wadda kowa ke kira Anti Bula, tunda a can take shanya zannuwan gado. Da zai tafi ya ce mata, "Ƙanwata, tukwanen nan kada ki wahalar da kanki, ki bar su kawai."

Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka kara yake yi mata, irin ta dattijon da ba ya son ɗora wa mutum nauyi. Ta ce a ranta, mutumin da bai taɓa barin bahon wankinta ya bushe ba, ita ce za ta bar shukarsa ta mutu da ƙishi? Wallahi a'a. Kullum da safe sai ta ɗebi ruwa mai kyau a bokiti ta bi su ɗaya ɗaya, Tsohuwa ma har kofi biyu take ba ta don ta ga ta fi ramewa.

Ranar da ya dawo, da baƙin tabarau a fuska, wari ne ya fara tarbarsa. Ya durƙusa ya danna gindin tukunya ta farko da yatsa, yatsan ya nutse. Ya danna ta biyu, haka. Goma sha tara sun riga sun zama kunu. Anti Bula tana tsaye da zanin gado a kafaɗa, tana jiran godiya. Da ta fahimci abin da ta yi, sai ta zauna daɓas a kan bulo ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Baba, na kashe maka su! Wallahi alheri na nufa."

Ransa ya ɓaci ƙwarai, wannan ba a ɓoye yake ba. Can ya ce, "Na sani. Laifina ne da ban faɗa miki dalili ba. Tashi ki samo mini reza sabuwa, da tsohuwar jarida, da toka."

Kai ne, Baba, wanda aka yi wa ɓarnar shekaru, ka duba wadda ta yi ta ka ba ta aiki maimakon faɗa. Kai ne ka juye tukwanen da suka rage, kana yanke ruɓa da idon da bai gama warkewa ba. Da aka zo kan Tsohuwa ba ka yarda da idonka ba, sai ka miƙa wa Anti Bula rezar ka ce, "Ke yanka, ni zan riƙe. Ki yi ta yi har ki ga fari tas." Rabin saiwar ya tafi. Kuka barbaɗa toka a ciwon, kuka shanya ta a inuwar tanki sati uku, sannan aka mayar da ita cikin busasshiyar tsakuwa. Daga ranar Anti Bula ba ta ƙara wuce tukwanen ba sai da hannuwanta a baya.

Wata bakwai babu motsi. Takardar ritaya ta iso, aka ce ƙarshen wata zai miƙa makulli. Baba ya daina maganar Tsohuwa, mu ma muka daina tambaya. Saura sati biyu sai ga wani ɗan kumburi a kan tsinken, bai fi ƙwayar wake ba. Ya kira Anti Bula ta duba masa, don ya ce bai yarda da sabon idonsa ba. Ta duba, ta saki guɗa har masu jiran layi a ƙasa suka ɗaga kai. Ya ce irin wannan furen da hantsi yake fara buɗewa, kafin la'asar ya rufe, kuma yini ɗaya ne, shi ke nan.

Saura kwana huɗu ya tafi, toho ya nuna yau ne. Baba ya gama zagayensa da wuri, ya jawo kujera ya zauna gaban tukunyar. Bakin furen ya fara tsagewa ke nan waya ta yi ƙara: babban bututun da ke fita daga injin ya fashe, ga mutum biyu a ɗakin tiyata. Ya dubi Tsohuwa sau ɗaya. Ya miƙe, ya taɓa aljihun baya ya ji sifana na nan, ya kama matakala.

Awa uku yana ɗakin injin, ruwa har ƙwauri. Rana ta karkata. A sama Anti Bula tana ta leƙen matakala, tana duban furen da ya buɗe sosai, tana duban inuwa na matsowa. Daga ƙarshe ta ce, "Kai, ba zai yiwu ba!" Ta naɗe zanin gado ta yi gammo, ta ɗora tukunyar a ka, ta sauko hawa huɗu da ƙafa, don ta ji tsoron kada lif ta girgiza furen. Masu jinya suna ta matsa mata hanya.

Baba yana ɗaure noti na ƙarshe ya ji ana cewa, "Baba, ga baƙuwa." Ya waiwaya. Fure ne guda ɗaya, faɗin tafin hannu, ruwan hoda da ɗan rawaya a tsakiya, a kan tsinken da kowa ya ce ya mutu. Ya goge tabarau da gefen riga, ya matso, ya yi ta kallo, hawaye na bin kuncinsa bai damu ya share ba. A samansu aka ji ruwa ya kama gudu a bututu.

"Ƙanwata," ya ce, "kin ba ta ruwa?"

"Ko ɗigo, Baba."

"To taki ce. Gidan 'yata da zan koma babu rana, kuma ke kaɗai ce kika san cikinta."

Mun gode, Baba Tanki. Mun gode da ruwan shekara talatin da ɗaya, da awa ukun nan da ka ba mu daga cikin yini ɗaya tilo da ka jira shekara goma sha huɗu. Allah ya ƙara wa idon haske, ya sa gwiwar ta daina tsegumi. Mu da muka rage, kowa yana da wani Baba Tanki a wurin aikinsa, wanda ba a tunawa da shi sai famfo ya yi tari. Ku neme shi ku gaishe shi tun yana nan, ku koyi riƙon aikinsa, ku koyi yadda yake yafiya.

In kuwa kun hau rufin asibitinmu cikin sanyin bana, za ku tarar da Anti Bula tsaye gaban tukwane ashirin da biyu, bokiti cike a gefenta, hannuwanta biyu a baya.