Koren Zaren Mai Tuta

Kawuna tela ne, amma tun da na yi wayo ban ga ya ɗinka wa mutum riga ba. Tutoci yake ɗinkawa. Shagonsa na bayan ƙofar tashar jiragen ruwa, ɗaki ɗaya mai warin man keke da gishiri, kuma duk ejan, wato wakilin masu jirgi, da jirginsa ke bukatar tuta ya san hanyar. Mai Tuta ake ce masa. Tutar ƙasa sittin ya haddace, amma ka tambaye shi inda ɗaya take a taswira, sai ya ce shi da allura aka haife shi, ba da fasfo ba. A kusurwar kowace tuta, wajen da ake zura igiya, sai ya yi ɗinki uku da koren zare. Inna, matarsa, takan tsokane shi, wai ko likkafani aka ba shi sai ya sa masa alama.

Ɗansa na fari, wanda muke kira Yaya, ya ƙi keken ɗinki ƙememe. Ya samu aiki a babban jirgin kamun kifi, irin masu yin wata huɗu ba su ga tudu ba. Kafin tafiyarsa ta uku, ejan ɗin jirginsu ya kawo hoton wata tuta, ya ce masu jirgin sun mai da rajistarsa wata ƙasa. Kawu ya gama ta a yini ɗaya, baki har kunne, wai ɗansa zai yi aiki a inuwar ɗinkin ubansa.

Jirgin ya dawo babu Yaya. Jakarsa aka kawo, da takarda mai layi biyu: ya faɗa ruwa, an nema ba a gani ba. Wani abokin aikinsa ya raɗa wa Kawu cewa ranar an yi cacar baki tsakanin Yaya da kyaftin. Kafin mu sake nemansa, shi ma ya bi wani jirgin.

Abu ɗaya Kawu yake so: a zaunar da kyaftin a tambaye shi. Ya hana a yi sallar gawa daga nesa, ya ce ba zai sallaci ɗansa a kan layi biyu ba.

Ni na raka shi ofishin tashar, don ni ce malamar makaranta a gidan. Jami'in mutumin kirki ne, wannan ma ya fi ba ni haushi, don ba dama ka yi masa faɗa. Ya zana layuka biyu a bayan wata takarda.

"Baba, daga gaɓa zuwa mil goma sha biyu, ruwanmu ne, dokarmu ce. Zuwa mil ɗari biyu, kifin da abin da ke ƙasa namu ne. Ɗanka ya faɗa ne bayan nan."

"To can ruwan waye?"

"Ba na kowa ba. Can, dokar jirgi ita ce dokar ƙasar da yake ɗauke da tutarta."

Kawu ya tsura wa yatsunsa ido. Can ya ce, "Yallaɓai, ni na ɗinka tutar nan."

Wasiƙa bakwai na rubuta wa wannan ƙasa. Ko an karɓa ba su ce ba. Kawu ya rame, ɗinkinsa ya fara karkacewa, mutumin da a da ko layi ba ya ja. Inna kuwa ta daina tsokana. Ba ta kuka a gabansa, ba ta kuma iya cewa ɗanta ya rasu, tunda mijinta bai yarda ba. Wallahi na ji haushin Kawu a lokacin, na kuma ji tausayinsa.

Bayan shekara da rabi, ina shagon, sai ga ejan ɗin da hoton sabuwar tuta da wata tsohuwa a leda, wai a ɗauki awo da ita. Rana ta cinye launinta, amma tutar ƙasar nan ce da na yi ta rubuta wa wasiƙa. Kawu ya juya kusurwar, ga koren zare.

"Wane jirgi ne?"

Ejan ya faɗi wani suna da ba mu taɓa ji ba.

"Sunan ne sabo. Jirgin ɗana ne. Wata ƙasar kuma zai koma?"

"Baba, ni ɗan aike ne."

"To ka gaya musu hannuna ya mutu. Wannan kuwa tawa ce."

Telan da ke gaba da mu ya ɗinka musu kafin la'asar. Muna tsaye a ƙofar shago jirgin ya fita da sabuwar tutarsa, da kyaftin ɗinsa.

Kawu ya naɗe tsohuwar ya kai gida, ya ajiye a cinyar Inna.

"Ba ni da gawa da zan kawo miki," ya ce. "Wannan ce ta gan shi ƙarshe. Gobe a kira liman."

Inna ta kai ta fuskarta ta shaƙi gishirin. Ranar ta fara kuka da murya.