Ranar da hulata ta toshe jirgin taubashina

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta da shekarar da ruwa ya zagaye shinkafar kakarmu. Gonarta tana fadama a hayin gulbi, an yanke an casa an tara buhuna a kan wani ɗan tudu, sai ruwa ya ƙaru ya shafe hanya. Kullum tudun ƙara tsukewa yake. Shinkafar nan ita ce abincinta na shekara, kuma tsohuwar ta fi son ta ci guminta da ta ci namu.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, makanikin injin niƙa a Mabera. Gwani ne, ban hana shi ba, sai dai bai taɓa ganin injin da ya yarda ya fi ƙarfinsa ba. Shi ya sami wani tsohon kwalekwale, ya ɗora masa inji da giyar wata matacciyar mota, ya huda bayansa ya zura doguwar sandar ƙarfe mai farfela a ƙarshe. Inda sandar ta haɗu da giya kuwa, sai ya yanko robar taya ya ɗaure su da ita, yadda ya saba yi wa injinan niƙa da na ban-ruwa.

Ni mahauci ne, sanina a nama ya tsaya, amma sai da na tanka. Na ce, "Kai bawana, wagga roba ita za ta riƙe mu bisa gulbi?"

Ya ce, "Tahi ka yi ta hiɗa, mi ka sani? Roba haƙuri gare ta. Ko inji ya ɗan karkace, ita ka shanyewa."

Da tafiya lafiya lau muka je, yana ta hura hanci kamar shi ya haƙa gulbin. Muka loda buhuna, jirgi ya yi nauyi, hancinsa ya kafe a yashi. Sai gogan ya sa giyar baya ya ba shi wuta. Muka ja da baya har tsakiyar ruwa, sai na ji wani ƙara, fat! Robar ta tsinke, sandar ta zame baya ta bi farfela cikin gulbi. Allah Ya sa ya ɗaura mata igiya, da ta tafi ke nan. Ramin da ta bari ya fara feso ruwa a gindin buhunan.

Gaskiya na tsorata, don iyona bai wuce na randa ba. Ban san lokacin da na cire sabuwar hulata na cusa a ramin na danne da diddige ba. Shi kuwa ya ɗauki gora yana tura mu, bakin nan da ba ya rufuwa ya yi tsit. Da ƙyar muka kai gaɓa, buhunan ƙasa sun jiƙe.

Ya daɗe a tsugune yana juya guntun robar, sannan ya ce, "Na gane. Injin niƙa juyi kawai shika yi. Wagga kau ita ka tura jirgi duka da kayanai, in an koma baya kuma ta jawo shi. Turi da ja duk ta nan suka bi. Ƙarhe da ƙarhe za a ɗaure."

Ya koma shago ya yanko fayafayan ƙarfe biyu masu kauri, ɗaya a bakin giya ɗaya a kan sanda, ya huda su don noti. A nan ya sha wuya, don ashe injin a karkace ya girka shi, robar ce ta rufa masa asiri. Ƙarfe bai san kara ba. Sai da ya yini yana ɗaga inji yana cusa masa guntayen kwanon rufi a ƙasa, har fuskokin biyu suka haɗu ba ko tsaga. Da ya tayar, sandar ta juya tsaf ba rawa. Washegari muka kwashe sauran buhunan, ruwa yana lasar na ƙarshe.

Kaka ta shanya jiƙaƙƙiyar shinkafarta a tsakar gida, ta dube mu ta ce, "Mazan nawa ke nan, guda ba hula, guda ba baki."

Tun ranar na koyi cewa sassauci yana da wurinsa, amma inda nauyin wani ya rataya a kanka, abin da ke shanye karkata ɓoye ta kawai yake yi, sai an kai tsakiyar ruwa ya sake ka. Hular tana nan rataye a shagonsa, baƙa wuluk da man inji. Ya hana ni ita, wai in wani ya zo yana cewa a lallaɓa a ɗaure haka nan, ita yake nuna masa.